Waken Maman Vicky

Shekara ashirin da huɗu Celina Kazah ta yi tana aikin malamar gona, kuma yawancin shekarun a kan hanya ta yi su. Gidanta yana Kamazou, ofishinsu yana Kakuri, manoman da aka haɗa ta da su kuma suna Kakau da ƙauyukan da ke bayanta. Kowace Talata da Juma'a takan hau tsohon babur ɗin da ofis ya ba ta ta tafi. Ba mai dogon jawabi ba ce. In za ta koya wa mata tazarar shuka, sai ta tuɓe takalmi ta shiga gona, ta karɓi fartanya ta yi layi ɗaya, sannan ta miƙa wa ta kusa da ita ta ce ta yi na biyu.

A cikin matan da take koyarwa akwai Martha, wadda kowa ke kira Maman Vicky. Ita da mijinta Sunday ba da noma suka fara rayuwa ba. Sunday ya yi shekara goma sha tara yana aiki a masaƙa a Kakuri, a sashen da ake gyaran auduga. Da masaƙar ta rufe, suka bar ɗakin haya suka koma Kakau, inda wani ɗan'uwansa ya ba su aron fili. Abin da Sunday ya fito da shi daga masaƙa shi ne tari da ƙirji mai nauyi. In ya yi kunya uku sai ya zauna ya huta, don haka nauyin gonar a kan Martha yake.

Martha ba ta iya karatu ba, amma ta fi kowa tambaya. Ita ce mai tare Celina a bakin babur bayan an tashi, ta ce, "Malama, tsaya tukuna, abin nan da kika faɗa bai shige ni ba." Saboda haka ne da aka kawo sabon irin wake mai saurin nuna, Celina ta zaɓi gonar Martha ta zama gonar gwaji, inda sauran mata za su riƙa zuwa su gani da idonsu. Sunday yakan zauna a ƙarƙashin mangwaro yana kallonsu, in an gama ya kawo wa Celina ruwa a kofin silba, ya tsokane ta cewa ta mayar masa da mata farfesa.

Daga nan hanya ta lalace. Yau a ji an tare mota, gobe a ji an ɗauki mutane daga gona. Wata Litinin shugaban ofishinsu, Oga Kevin, ya tara malaman gona su bakwai ya ce daga ranar babu wanda zai sake fita ƙauye. Darasi zai riƙa tafiya ta waya: kowane malami ya naɗi muryarsa ya tura. Akwai kuma shirin rediyo na minti goma sha biyar ranar Asabar.

Celina ta ce, "Oga, rabin matan nan ƙaramar waya suke riƙewa. Wasu ma ba su da ita."

Ya ce, "Na sani, Madam Celina. Kowace ƙungiya ta samo mutum ɗaya mai babbar waya, shi zai kunna wa sauran. Ba na so a kira ni a ce an ɗauke ki."

Ba ta yi masa gardama ba, domin ita ma tsoron yana ranta. A Kakau matar fasto ce mai babbar waya, kuma ta yarda za ta riƙa kunna saƙon ranar Alhamis bayan taron Zumuntar Mata. Abin ya yi aiki fiye da yadda Celina ta zata. Matan sukan saurara su aiko da tambayoyi da gaisuwa. A watan Oktoba muryar Martha ta shigo, tana magana da ƙarfi kamar wadda ke kira daga nesa: "Malama, wake ya yi 'ya'ya har rassan suna kwanciya. Baba Sunday ya ce a gaishe ki. Ki zo ki gani mana."

Da lokacin roro ya zo, Celina ta zauna a ofis ta naɗi darasin ajiya. Ta ce a shanya wake ya bushe sosai, a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda da kyau, ƙwari za su mutu da kansu. Ta ce ƙwayar maganin ƙwari da ake sayarwa a kasuwa tana fitar da iska mai guba, kada a taɓa ajiye buhun da aka sa masa ita a ɗakin da mutum yake kwana. Wannan maganar sau biyu ta maimaita ta. Ta tura wa matar fasto.

Saƙon bai shiga ba. A makon ne sabis ya ɗauke a yankin Kakau gaba ɗaya, aka ce saboda tsaro ne. Celina ta duba da yamma, ta duba washegari, yana nan inda yake. Ta je wurin Oga Kevin, ya ce darasin ajiya yana cikin jerin na rediyo, za a sa shi farkon Disamba. Ta yi niyyar ta hau bas ranar Juma'a ta je da kanta ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Ran Alhamis aka ji labarin an tare motoci a hanyar, sai ta fasa. Mako na gaba zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku. Ta kwantar wa kanta hankali da cewa ai ta taɓa koyar da wannan darasin a Kakau shekara uku da suka wuce.

Ranar wata Litinin da hantsi, tana zaune a teburinta, sai ga matar fasto a ƙofar ofis. Bas ta hau ta zo, tunda babu halin kira. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Malama, Baba Sunday ya rasu. An binne shi shekaranjiya."

Sai da Celina ta jawo mata kujera sannan matar fasto ta ba da labarin. Martha ta samu buhu shida, abin da ba ta taɓa samu ba. Ɓarayi sun dame su da fasa rumbu, don haka ita da Sunday suka shigar da buhunan ɗakin kwanansu. Martha ta zo kasuwar Kakuri ta sayi ƙwayar maganin, an ƙulla mata a takarda, ta sa a kowane buhu. Ɗakin taga ɗaya ce ƙarama, ita ma a rufe saboda tarin Sunday. Washegari suka tashi da ciwon kai da amai, suka ɗauka zazzaɓi ne, suka sha magani suka koma ɗakin. Kwana na biyu numfashin Sunday ya gagara. Aka sa su a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, shi bai kai azahar ba. Martha ta yi kwana huɗu a kwance kafin a sallame ta.

Celina ta ɗauki jakarta ta bi matar fasto tasha. Ba ta nemi izinin kowa ba. A cikin bas ne ta tuna ranar da ta koyar da darasin ajiya a Kakau. Mata kusan talatin ne a harabar coci, amma babu Martha. Ranar Martha ta kai Sunday asibiti ne saboda ƙirjinsa. A lokacin Celina ta ce a ranta za ta maimaita mata, kuma ba ta yi ba.

Ta tarar da Martha zaune a tabarma a inuwar katanga, mata biyu a gefenta, 'yarta Vicky tana dafa wa masu gaisuwa shayi. Martha ta rame, leɓunanta sun bushe. Celina ta durƙusa ta yi mata gaisuwa, ta ce Ubangiji ya ba da haƙuri.

Martha ta ce, "Amin. Malama, kin ga waken? Suna bayan gida. Fasto ya sa aka fitar."

"Ban gani ba, Maman Vicky."

"Sun yi kyau. Baba da kansa ya ɗinke bakin buhunan." Sai ta ƙara da cewa, "Ranar da na zo Kakuri na wuce ta gaban ofishinku. Na ce bari in leƙa ki, sai na ga rana ta yi, Baba bai ci abinci ba. Sai na wuce."

Celina ta ji kamar ta tashi ta fita, amma ta zauna. Ta faɗa mata gaskiya: ta naɗi darasin, ta tura, bai shiga ba, ta gani, kuma ba ta zo ba.

Martha ta ɗago ta kalle ta. "Yana cikin wayarki?"

"Yana ciki."

"Kunna in ji."

Celina ta ce ba yanzu ba, ta bari sai ta ƙara samun ƙarfi. Martha ta miƙo hannu kawai. Sai Celina ta kunna ta ajiye wayar a kan tabarma. Muryarta ta fito a sake, tana gaida matan Kakau, har da 'yar dariya, tana tambayar ya roro. Matan da ke gefe suka sunkuyar da kai. Martha ta saurara har aka zo wurin ɗakin kwana, ta ji shi sau biyu kamar yadda aka faɗa, ta bari ya kai ƙarshe.

Ta ce, "Kin faɗa kuwa." Ta tura wayar gaban Celina. "Da na ji, da na bi. Kin san ina bin maganarki."

Celina ta ɗauki wayar ta yi sallama.

Washegari Celina ta shiga kasuwar Kakuri ta nemi shagon da Vicky ta kwatanta mata. Mai shagon sunansa Boniface, dattijo ne mai furfura, ya shekara talatin yana sayar da iri da taki da maganin feshi. Da ta faɗa masa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya zauna a kan buhun taki. Ya tuna Martha. Ya ce ta yi ta yi masa labarin wakenta.

Ya ce, "Madam, an rubuta a jikin gwangwani." Ya ɗauko ya nuna mata rubutun Turanci ƙanana.

Ta ce, "Gwangwanin ka ba ta?"

"A'a. Guda shida ta ce. Ɗai-ɗai suke saye." Ya juya gwangwanin a hannunsa. "Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tambaye ta inda za ta ajiye ba. Ban taɓa tambayar kowa ba."

Celina ta zo ne da niyyar faɗa, amma ta rasa ta inda za ta fara, domin abin da ya faɗa bai fi nata muni ba. Ta roƙe shi ya tara mata masu sayar da maganin gona na layin. Ranar Laraba mutum tara suka zo, suka tsaya a gaban shagonsa, ta nuna musu buhu mai leda biyu da yadda ake ɗaure shi, ta ce duk wanda ya zo sayen ƙwayar a tambaye shi inda zai ajiye hatsin. Biyu daga cikinsu suka tafi tun ba ta gama ba. Boniface ya daina sayar da ƙwayar ɗai-ɗai, ko da yake wasu shagunan sun ci gaba.

Bayan mako uku sabis ya dawo. Matar fasto ta ce tana cikin wanke-wanke wayarta ta yi ƙara, ta duba ta ga saƙon ne. Ta kunna wa mata ranar Alhamis. Ba wadda ta aiko da tambaya.

Oga Kevin ya rubuta rahoto ya tura sama, bai samu amsa ba. Bai janye dokar hana fita ba, amma da Celina ta fara hawa bas ranar Lahadi tana zuwa Kakau ta tsaya a harabar coci bayan sujada, bai hana ta ba. Wani lokaci ɗiyar Celina takan tare ta a ƙofar gida ta ce kada ta je. Takan je.

Sau ɗaya ta roƙi Martha ta tsaya gaban matan ƙauyukan baya ta faɗa musu abin da ya faru, domin za su fi jin ta bakinta. Martha ta girgiza kai.

"Malama, ki faɗa musu ke. Ki kira sunana in kina so. Amma ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce da hannuna na sa ba."

Kafin damina ta sauka, Martha ta mayar wa ɗan'uwan Sunday filinsa, ta tattara kayanta ta koma Sabon Tasha wurin Vicky. Celina ta ziyarce ta a can bayan Ista. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, Martha tana zaune a bakin ƙofa tana goyon jikarta. Ta yi murna da ganinta, ta sa aka sayo mata lemo. Suka yi hirar tsadar gari da ciwon gwiwa. Can Martha ta tambaya wa ke noma filin yanzu. Celina ta ce wani ne daga Kakuri, masara zai shuka.

Martha ta ce, "Wurin yana riƙe ruwa ta gefen mangwaro. Ki faɗa masa ya ɗaga kunya."

Celina ta ce za ta faɗa masa. Martha ta gyara goyonta ta raka ta har bakin titi, ta tsaya tare da ita cikin rana sai da keke ya zo.