Ranar da Aka Sace Hoton Tokiko

Fusae tana durƙushe a bakin tashar masunta ta tsibirin Fukue, tana farke cikin kifi tana barbaɗa gishiri, sai waya ta yi kuka a aljihunta. Ba ta ko duba ba. Mutum ɗaya ke kiranta da sassafe, yayarta Tokiko da ke aure a Nagasaki. Ta maƙale wayar a kafaɗa.

"Yaya, in labarin gidan Bature ne, bari in wanke hannu tukuna."

"Inna, ni ce, Kumiko. Mama ta faɗi a wurin aiki jiya. Ta rasu ɗazu a asibiti."

Fusae ta ƙarasa kifin da ke hannunta, ta shanya shi a kan raga, sannan ta zauna a ƙasa.

Shekara arba'in da 'yan kai Tokiko na kiranta ta zo ta ga birni, kullum da labarinta. Wai Dejima, tsibirin da aka killace fataken Holan a zamanin da, yana can tsakiyar teku, igiyar ruwa na dukansa ta ko'ina. Wai kifayen ado na tafkin gidan Bature da ke kan tudu, kowanne ya kai ɗan maraƙi. Wai a katangar kogi, kusa da Gadar Tabarau, akwai dutse mai siffar zuciya, ita ma shi ta shafa ta samu miji a makon. Fusae kuwa amsarta ɗaya, sai baɗi. Da farko kakar kifi ce ke hana ta, sai jinyar tsohuwarsu, sai ta mijinta, daga baya ma babu wani dalili. Da ta je jana'iza, daga jirgi sai gida, daga gida sai wurin ƙona gawa. Ba ta ɗaga kai ta ga komai ba.

Da bikin Bon na tunawa da matattu ya zo a tsakiyar Agusta, ta koma Nagasaki. A ranar ƙarshe ta bikin ne duk gidan da aka yi rashi a shekarar ke tura jirgin rakiyar mamacinsu zuwa bakin teku. An haɗa na Tokiko da gora da katako a gindin tudun unguwarsu, an sa masa tayoyi, an rataye fitilun takarda. Kumiko, 'yar Tokiko, wadda ko cokali ba ta yarda a ajiye shi a karkace, ta goge babban hoton uwarta ta jingine a gaban wurin ibada.

"Da la'asar za mu ɗaura shi a goshin jirgi. Don girman Mama, kar kowa ya taɓa," ta ce, ta sauka wurin masu aiki.

Fusae ta dubi hoton. Tokiko na dariya, baki buɗe, kamar tana tsakiyar labari.

"To, Yaya, ga ni na zo," Fusae ta ce. "Tashi ki nuna mini."

Ta naɗe hoton a ƙyalle. Tana sa takalmi a bakin ƙofa sai ga Shigeru, mijin marigayiya, tsohon mai walda a masana'antar jiragen ruwa. Aikin ya cinye masa kunne, ba ya magana sai da ihu.

"Ƙanwata, da tsufanki kika koma sata?"

"Yawo zan kai ta! Ka rufa mini asiri!" Ita ma dole ta yi ihu, har maƙwabciya ta leƙo ta taga.

"In babu hoton nan a jirgi, Kumiko za ta dafa mu."

"Mu? Wa ya gayyace ka?"

Ya riga ya ɗauki hularsa.

Suka gangara matakalu, gumi na zuba, gyare na ta kuka a bishiyoyi. Suka hau ɗan jirgin kan titi. Da ya tsaya, Shigeru ya ce su sauka, sun iso Dejima. Fusae ta duba dama, benaye. Ta duba hagu, motoci. A gabanta wani siririn ruwa da 'yar gada a kai.

"Ina tekun?"

"An cike shi tun kafin a haifi kakanki."

Ta kwance ƙyallen, ta juya hoton ya fuskanci ruwan. "Yaya, wannan ne tsibirin? Kwatar bayan gidana ta fi shi ruwa!"

Ta rungume hoton a ƙirji, fuskar na kallon waje. Yarinyar da ke sayar da tikiti ta duba, ta rusuna musu, ta rusuna wa hoton shi ma. Suka shiga gidajen katako na fatake. Fusae ta ga an jera kujeru da tebura a kan tabarmar ɗaki, ta riƙe baki.

"Shi ya sa aka killace su," ta ce. "Wa zai bar masu wannan ɗabi'a su shiga gari?"

A gidan Bature matakala mai tafiya da kanta ta ɗauke su zuwa saman tudu. Fusae ta damƙe hannun rigar Shigeru, yana ta dariya, wai ga mai hawa teku tana tsoron bene. Daga baranda tashar jiragen ruwa ta shimfiɗu a ƙasansu, shuɗiya, duwatsu sun kewaye ta. Ya nuna mata wani ƙaton ƙarfen ɗaga kaya a ƙetaren ruwa.

"Can na baro kunnuwana. In kin ga mai zuwa, ki ba shi saƙo."

Ita tafkin take nema. Da suka same shi ta tsuguna, ta daɗe tana kallon kifayen, jajaye da farare, suna buɗe baki.

"Maraƙi!" ta ce da hoton. "Tun ina goye nake cikin kifi. Babban cikinsu bai wuce damtsena ba. Yaya, ba ki ji kunya ba?"

Rana ta karkata lokacin da suka isa Gadar Tabarau. Wannan kam gaskiya ce: bakuna biyu na dutse, inuwarsu a ruwa ta cike da'ira biyu kamar tabarau. Suka sauka bakin kogi, inda samari da 'yan mata ke layin shafa dutsen zuciya. Fusae ta ɗaga hoton.

"To, ko nan dai kin yi gaskiya. Ga dutsen da ya ba ki wannan kurman."

Shigeru ya tuntsire da dariya har da tari. "Wane dutse? Bayan babbar ambaliya aka sa shi, da ana gyaran katanga. Lokacin Kumiko har ta shiga firamare!"

Fusae ta zauna a kan dakali, ta kife hoton a cinya. Wannan karon ba wasa a muryarta.

"Shekara arba'in. Ashe sakarya ta mayar da ni, 'yar ƙauye, a faɗa mata komai ta haɗiye."

Shigeru ya zauna kusa da ita. Ya so ya rage murya, bai iya ba, duk masu layi suka ji.

"Yayarki ba ta taɓa shiga ko ɗaya ba. Gadar nan kaɗai take wucewa in za ta kasuwa. Daga shagon wanki sai gida. Sau nawa na ce mu je gidan Bature, ta ce a'a, in ta riga ki gani, wa zai taya ki sakin baki? Jiranki take yi. Da ta ga ba kya tasowa, sai ta riƙa ƙara gishiri."

Fusae ta ɗaga abin da ta kife a cinya. Ta juyo da hoton, ta goge gilashin da gefen riga duk da ba abin da ya taɓa shi.

"Ni ke sana'ar gishiri," ta ce a hankali, "ashe kin fi ni hannu."

Sai ga ƙara daga cikin gari kamar ana yaƙi. An fara fasa albarushin wasa.

"Jirgi!" suka ce tare.

An riga an tare manyan tituna, ba abin hawa. Suka kama hanya a ƙafa, tsofaffi biyu da hoto, suna kutsawa cikin hayaƙi da jajayen takardu. Jiragen wasu gidaje na wucewa, ana buga ƙararrawa, ana zuba albarushi kwali-kwali a tsakiyar titi. Shigeru ya zaro auduga daga aljihu ya miƙa mata ta toshe kunne.

"Kai fa?"

"Ni? Yau kaɗai a shekara nake jin garin nan!"

Suna shan kwanar unguwa suka hango jirginsu ya fara motsi, 'yan uwa da maƙwabta na turawa. Kumiko ba ta bar goshinsa fayau ba. Babban hoto ɗaya ne ya rage a gidan, shi ta ɗaura: na ranar aure, Tokiko cikin farar shigar amarya, Shigeru a tsaye gefenta ya ƙame.

"Kai! Ku tsaya!" Shigeru ya daka tsawa, muryarsa ta danne albarushi. "Ku sauke ni! Ban mutu ba!"

Masu turawa suka fashe da dariya, jirgin ya tsaya. Kumiko ta nufo su, idonta jawur.

"Baba! Inna! Ina kuka kai Mama? Na juye gidan nan kaf!"

"Yawo," Fusae ta ce, tana haki. "Ta ga Dejima, ta ga gidan Bature, ta ga gada. Laifina ne, 'yata, ubanki jela kawai ya zama."

Kumiko ta dubi fuskar uwarta, ta fasa faɗan. Ta karɓi hoton da hannu biyu.

"Ta ga kifin?"

"Ta gani."

"Tun lokacin da makaranta ta kai mu na gaya mata ba su kai maraƙi ba. Ta ce idona ne ƙarami."

Ta hau da kanta ta sauke ubanta daga jirgin matattu, ta ɗaura uwarta. Fusae ta sa kafaɗa a bayan jirgin, suka tura har bakin teku, ana ta fasawa, ba mai jin kukan wani.

A can, kafin masu aiki su wargaza jirgin, Kumiko ta kwance hoton. Ta naɗe shi a ƙyallen, ta daidaita kusurwoyinsa tsaf, ta ɗora a hannun Fusae.

"Ki tafi da ita, Inna. Ta daɗe ba ta ga gida ba. Mu a bar mana na auren, tunda Baba ya ce yana nan."

Yanzu hoton na kan tagar Fusae, yana kallon tashar masunta. Kowace safiya, daidai lokacin da wayar kan yi kuka a da, takan wanke hannu, ta zuba shayi kofi biyu, ta zauna a gabansa ta yi masa ƙarya ɗaya. Jiya ta ce an kamo kifin da sai da mota ta ja shi.

"Ki zo ki gani, Yaya," ta ce. "Ya kai maraƙi."