Kwalabe Uku

Ko gyara zama bai gama yi ba na murɗa makunnin, sauti ya fito nan take, tas, babu kwarmato ko kaɗan. Na riƙe ƙugu ina jiran godiya.

Mai Jita bai dube ni ba. Ya ja tsirkiyar jitarsa sau ɗaya, ya sake ja, sai ya dafe tsirkiyoyin duka da tafin hannu. Ɗakin ya yi tsit.

"Maƙwabci, me ka yi masa?"

"Gyara mana. Ba shi ka ce in yi ba?"

"Juyo min da bayansa."

Na juyo masa. Ɗan akwatin ƙara sauti ne, amfilifaya, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba, fatar jikinsa duk ta koɗe. Da can in ka leƙa bayansa za ka ga kwalabe uku a tsaye, irin na tsoffin rediyo, suna yin ja kamar garwashi in an kunna. Yanzu fanel ne na zamani, ɗan farantin kayan lantarki, kore, sabo fil, na ɗaure shi da noti huɗu.

"Ina kwalabena?"

"Na cire. Kayan tarihi ne, wuta suke ci, zafi suke yi. Wannan kuwa kana taɓawa ya tashi, ba sai ka zauna jira kamar mai dakon mota ba."

"Jiran nawa ne ko naka?"

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗakinsa. Ni gyaran rediyo da fanka da dutsen guga nake yi. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da ya shigo shagona a mace da ransa yake fita. Shi kuwa da ƙuruciya ya yi kiɗa a otal-otal, daga baya ya ƙare a aikin sito har ya ajiye. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a can ƙarshen gari. Ciwon zuciya ya kama shi, ƙafafu suka kumbura, ya daina fita. Amma kullum ƙarfe huɗu na yamma zai kunna akwatin nan, ya ɗora hannu a samansa, ya jira kamar minti ɗaya har kwalaben su ɗauki zafi, sannan ya fara. Na sha buga masa bango da ƙotar sukundireba. Shi kuma sai ya amsa min da tsirkiya ɗaya mai kama da kukan akuya, don dai ya ƙular da ni.

Da akwatin ya fara kwarmato yana ɗaukewa, ni ya miƙa wa, ya ce bai yarda da hannun kowa ba.

"Malam," na ce masa, "sauti ai sauti ne. Wannan ma ya fi ƙarfi."

"Ƙarfi na ce maka ina nema? Wancan in na taɓa a hankali lallashi yake, in na danna sai ya yi gurnani. Wannan ko me na yi masa fuska ɗaya yake ba ni, kamar ma'aikacin banki."

"Kunnenka ne ya tsufa."

"To. Na gode." Ya zare wayar jitar, ya naɗe ta a hannu, ya mayar da jitar cikin jakarta. "Ja min ƙofar in ka fita."

Na ja masa ita da ƙarfi, har ƙusar kalandarsa ta faɗo.

Washegari ƙarfe huɗu ta yi, shiru. Na ce a raina na huta. Kwana uku, shiru. Na kama kaina ina rage ƙarar rediyon da nake gwadawa in huɗu ta gabato. Matata ta kawo min abinci shago ta tarar da ni na zuba wa bango ido.

"Ka je ka ba bawan Allah haƙuri mana."

"Haƙurin me? Sata na yi masa?"

"Kai dai da a ce kanka ake kafa ƙusa da shi, da ba ka taɓa sayen guduma ba."

"Ajiye kwanon ki tafi."

Ban je ba. Rana ta tara da hantsi 'yarsa ta shigo shagon, mayafinta a karkace, idanunta sun yi ja.

"Kawu, Baba ya faɗi shekaranjiya. Hannunsa na dama ya mutu. Likita ya ce mu dawo da shi gida kawai, zuciyar ta gaji."

Na ajiye ƙarfen dalma. Shekaranjiya ina nan zaune, bango ɗaya, ban ji komai ba.

"Maganarsa ba ta fita sosai," ta ce. "Amma tun jiya abu ɗaya yake maimaitawa, wai kwalabe. Na kawo masa na magani, na kawo na ruwa, ya ture. Sai ya nuna bangonka."

"Na gane. Ɗauko min akwatin nan na gefen gadonsa."

Tana fita na jawo gwangwanin da nake zuba tarkace. A ciki na watsa su ranar, tare da tsoffin notuna da matattun batura. Manyan biyun suna nan lafiya. Ƙaramar, mai ƙafa tara, wani ƙarfen fanka da na jefa daga baya ya faɗa mata. Kanta ya fashe, cikinta ya yi fari kamar an barbaɗa alli.

Na daɗe ina kallonta a tafin hannuna.

Na rufe shago rabi, duk wanda ya zo na ce ya dawo jibi. Farantin ƙarfen da kwalaben ke zama a kai yana ƙarƙashin benci, har na fara cire masa kaya ina sa wa wasu. Zanen haɗi kuwa ko an ba ni ba iya karantawa zan yi ba. Abin da ya cece ni mugun halina ne: ba na tsayawa narka dalma in zan cire waya, datsewa nake da fulaya. Saboda haka kowane wuri akwai ɗan guntun waya da ya rage, ja ko rawaya ko shuɗi. Na dinga bin guntayen nan ɗaya bayan ɗaya, ina haɗa ja da ja, rawaya da rawaya. Fankar wani da rediyon wata sai da na sake buɗe su na ƙwato abin da na ara musu.

A nan na ga ainihin ciwon akwatin. Dalma ce ta tsage a ƙafar soket ɗaya, tsagar da ba ta kai silin gashi ba. Aikin minti biyar. Da na duba ranar, da na gani. Ban duba ba, don tun kafin in kwance shi na riga na yanke cewa tsohon kaya ne.

Saura ƙaramar kwalba. Na zaga wurin masu gyara huɗu, yaran yanzu ma ba su san mece ce ba, ɗaya har yana tambaya ko ta fitila ce. A ƙarshe wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya bar ni na tona tulin kayansa, na samu wata tsohuwar rediyo mai jikin katako. Akwai mai ƙafa tara a ciki. Lambar jikinta ba ɗaya ba ce da ta fasasshiyar, na gani da idona. Amma ta shiga soket ɗin daram.

Rana ta biyu da yamma na kunna. Na jira. Kwalaben suka fara ja a hankali, lasifikar ta ɗauki wani siririn gurnani. Na kashe, na kai hannu zan gyara wata waya, wutar da ta kwanta a ciki ta fizge ni har gwiwar hannuna ta bugi bango. Na zauna a ƙasa ina zagin kaina. Ta cikin bangon na ji muryar 'yar tana cewa, "Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau! Yana farke?"

"Ya farka."

Ɗakin yana warin magani da man zafi. An tada shi da matasai uku. Cikin kwana goma sha ɗaya mutumin ya zube, bakinsa ya ɗan karkace, hannun dama yana kwance a kan bargo kamar ba nasa ba. Na ajiye akwatin a kan kujera dab da gadon, na juya masa bayansa don ya gani, na murɗa makunnin.

Ya miƙo hannun hagu ya ɗora a saman akwatin. Muka jira, mu uku. Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba.

"Jita," ya ce.

'Yar ta ciro ta, ta soka wayar, ta kwantar masa da ita a ƙirji. Yatsunsa na hagu suka hau wuyan jitar suka sami wurinsu da kansu. Sai ya dubi hannunsa na dama. Ya dube ni.

"Ni? Malam, ban iya ba."

"Ka iya... buga bango."

'Yar ta yi dariya, hawaye na zuba. Na durƙusa a bakin gadon. Babban yatsana duk ƙunar dalma ne da kanta, na ɗora shi a kan tsirkiyar sama.

"A hankali," ya ce. "Ba noti... ba ne."

Na ja zuwa ƙasa. Sautin ya fito da ɗumi, zagaye, ya cika ɗakin ya daɗe bai mutu ba. Shekara goma sha ɗaya ina jin abin nan ta bango, ban taɓa jin sa a gabana ba. Ya matsar da yatsunsa, ya ɗaga min gira, na sake ja. Muka yi haka sau biyar ko shida. Sai ya ce, "Danna." Na ja da ƙarfi.

Ya rufe ido yana saurare. Ni ma na ji. Gurnanin da yake ƙular da ni da shi, wanda ke sa gilashin tagata rawa, bai zo ba. Sautin ya tashi, ya tsaya a hanya.

Ya buɗe ido. "Ƙaramar," ya ce.

Na so in ce wutar unguwa ce ta yi ƙasa. Har na buɗe baki.

"Ta fashe," na ce. "Ni na jefa ta cikin tarkace. Wannan ta wata rediyo ce. Kuma tun farko ba abin da ya same su, dalma ce kawai ta tsage. Ban duba ba."

Ya daɗe yana kallona. 'Yar tana duban mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san zancen me ake ba.

"Tare muka saye shi... da uwarta," ya ce. Ya huta. "Ka kusa, maƙwabci."

"Zan nemo ta asalin. Ko ina take zan nemo."

Ya mayar da hannunsa saman akwatin, inda ɗumin yake, ya bar shi a nan. Da na kai hannu zan kashe, ya girgiza kai.

Na nema. Washegari tun safe na hau mota zuwa babbar kasuwar kayan lantarki, fasasshiyar tana aljihuna a naɗe cikin takarda. Rumfa rumfa na bi. Wajen azahar wani tsoho mai gilashi ya karɓa, ya duba lambar, ya shiga ciki, ya fito da ita cikin ɗan kwalinta da ya yi rawaya don tsufa. Ban ko tsaya cin abinci ba.

Da na shigo layinmu na hango takalman masu ta'aziyya a ƙofarsa, da yawa, har kan dakalin shagona. Matata tana tsaye a bakin ƙofarmu. Ta dube ni, ta dubi hannuna da ke cikin aljihu.

Bayan mako guda 'yar ta zo kwashe ɗakin. Jitar ta tafi da ita. Akwatin kuwa ta shigo da shi shagona ta ajiye a kan benci.

"Ni ban san yadda ake kula da shi ba, Kawu. Kuma ya ce hannunka kawai ya yarda da shi."

"Yaushe ya faɗa?"

"Tun da daɗewa."

Ban tambaye ta ko ya sake faɗa daga baya ba.

Na sa sabuwar kwalbar a wurinta. Ko ta dawo da gurnanin, ban sani ba, babu jitar da zan gwada, babu kuma kunnen da zai faɗa min. Wani mai kiɗa ya taɓa gani ya ce in ba shi ya gwada, na ce ba na gwaji ba ne.

Jiya da yamma ina cikin kwance wata fanka na duba agogo, huɗu saura kaɗan. A ɗakin da ke bayan bango sababbin masu haya suna jan gado. Na ajiye sukundireba, na murɗa makunnin, na ɗora hannu a saman akwatin. Katakon da sanyi. A bayansa kwalabe uku suka fara yin ja, ƙaramar ce ta ƙarshe.