Abin da Ke Cikin Cokali

Yana wanke hannu a bakin famfo ya jiyo muryar matarsa daga falo.

"Kin wa? Ni me na yi wa wani?"

"Kinwa, Mama. Sunan abincin ke nan," in ji 'yarsu cikin dariya. "Ƙwaya ce kamar shinkafa, daga nesa ake kawo ta."

Shi kuwa ya ci gaba da murza hannuwansa, ko da yake sabulun ya daɗe da fita. Shekara da shekaru yana jan motar makaranta bai taɓa kaɗe ko kaza ba, amma yau a kwanar kasuwa wata mata ta tsallako da baro, bai gan ta ba sai da malamar da ke raka yara ta ƙwalla ihu. Ya taka birki, yara suka zube a kan juna suna ta dariya. Ya ce wa malamar rana ce ta haske masa ido. Ta yarda, ko kuma ta yi kamar ta yarda.

Iyalinsa sun san yana da ciwon suga. Zancen idon ne bai gaya wa kowa ba. Hazo ya fara rufe masa gani, ga wasu baƙaƙen ɗigo da ke yawo a gabansa kamar ƙananan ƙudaje, duk inda ya juya sai su bi shi. Ya sha zama ya auna maganar shi kaɗai. Hanyar nan ya haddace ta, ya san kowane rami, kuma yanzu a hankali yake tafiya. Ashe bai fi samarin da ke da ido garau amma suke gudu kamar mahaukata ba? In ya ajiye aikin, wa zai ɗauki mai shekarunsa? Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, kuma kullum sai a ɗage shari'ar zuwa gobe.

"Baban yara, famfon za ka ƙarar?" matar ta kira shi. "Zo ka ga abin da Likitarka ta dafa mana."

Likita suke ce wa 'yar, saboda a kantin magani take aiki. Ita ta sayo kinwar, don ta ji an ce ta fi shinkafa dacewa da masu irin ciwonsa. Ita ce kuma wadda ya fi tsoro a gidan. Tun tana ƙarama haka take, sai ta zuba wa mutum ido ta yi shiru har ya tsargu.

Ya zauna a wurinsa, ya lalubo cokali a inda aka saba ajiye masa. Ƙamshin abincin kamar na gyaɗar da aka soya sama-sama. Ya kai loma ɗaya baki, ƙwayoyin suna fashewa a haƙori, da ɗan ɗaci a ƙarshe.

"Ba laifi," ya ce.

"Ka dakata!" Matar ta riƙe masa hannu. "Ke, mene ne wannan? Tsutsa ce, wallahi!"

"Haba Mama, wace irin tsutsa? Tsiron ƙwayar ne. In ta dahu sai ya fito ya lanƙwashe kamar 'yar wutsiya."

"Abinci da wutsiya? Ni da na haife ki za ki koya wa tsutsa? Na tsince ta a wake tun ba a san za a yi ki ba."

"To ai wannan ba ta da rai."

"Don kin dafa ta shi ya sa. Gawa ce." Ta ɗebo cokali guda ta kawo daidai hancin mijin. "Kai ka raba mu. Duba da kyau, ka faɗi tsakaninka da Allah."

Fitilar falon tana bayanta, cokalin kuma ya yi kusa da yawa. Abin da yake gani dunƙule ne kawai mai ruwan ƙasa-ƙasa, ba ƙwaya ba wutsiya. Ya ƙanƙance ido, yana jin su biyun suna jira. Can sai ya ga wasu 'yan abubuwa a kan cokalin, sirara, suna juyawa a hankali. Har wani sanyi ya ji a ransa, yau dai ya ga abin da kowa ke gani.

"Uwarki ta fi ki gaskiya," ya ce. "Ga su nan baƙaƙe. Har motsi suke yi."

Matar ta saki cokalin da salati, ya faɗi a faranti. Ta sunkuya ta leƙa, ta ƙara leƙawa.

"Kai ma dai da tsokana. Ina baƙi a nan? Farare ne tas, kuma ko gezau ba su yi. So kake ka hana ni cin abincin gaba ɗaya."

Ta yi dariya, ta ture faranti. Likita ba ta taya ta ba.

Ya ɗago kai. Baƙaƙen sun tashi daga cokalin sun koma kan fuskar 'yarsa, suna iyo a can. Bai iya karanta fuskar, amma ya san irin kallon da take masa. Jira yake ta yi magana a gaban uwarta, yana shirya amsa: gajiya ce, wasa yake yi, fitilar ce ba ta da ƙarfi.

"Baba," ta ce a hankali, "gobe akwai makaranta?"

"Akwai."

"Kai za ka ɗauko su?"

"To wa zai ɗauko su?" in ji matar. "Yau kuma wace irin tambaya ce wannan?"

Likita ta miƙo hannu. Ta jawo farantinsa, ta ƙara masa miya, ta mayar masa, ta ɗora hannunsa a kan cokali kamar yadda ake yi wa mara lafiya. Da ta tona shi, da ya yi faɗa, ya buga tebur, ya ce ba a haifi yaron da zai karɓe masa tuƙi ba. Amma ta bar masa maganar a hannunsa, babu wanda zai yi wa faɗan.

Ya ci loma biyu, bai ji ɗanɗanon komai ba. A waje wani ya danna hon mai tsawo, birki ya yi ƙara, ya kasa kunne har sai da ƙarar ta wuce ba tare da an ji karo ba.

Ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙa wa matarsa.

"Nemo mini lambar shugaban makaranta."

"Yanzu? Muna cin abinci? Ka nema da kanka mana, ga wayar a hannunka."

"Ba na ganin rubutun," ya ce. "Na daɗe ba na gani."