Mai Tare wa Deimer Iska

Ovidio Pirabán ya tsufa a tseren keke, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga hannu a kan layin ƙarshe ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Shi mai tare iska ne. Idan ayarin 'yan tsere ya doshi gari, kowa ya duƙa yana neman kafar kutsawa, shi ne zai shige gaba ya ba da ƙirjinsa, mai fizgar ƙungiyarsu, wato gwanin gudun ƙarshe, ya lafe a bayansa kamar ɗan goyo. Sai an hango layi zai kauce, wancan ya fito da ƙarfinsa cif ya cinye. In an ga Ovidio a hoton jarida, to can baya ne, baki buɗe.

Wanda yake goyawa a 'yan shekarun nan shi ne Deimer Arrieta, ɗan bakin teku, dogo mai cinyoyi kamar turmi, bakinsa ba ya hutawa. Ovidio kuwa mutumin duwatsun Boyacá ne, inda ake noman dankali, magana sai an tatso. Deimer yana kiransa Tsoho, in tsiya ta motsa kuma Mai Dankali. Shi kuma ya rama da Ɗan Kifi.

A farkon shekara Deimer ya faɗi a wata kwana, kekuna suka bi ta kansa, kafaɗa ta karye. Ƙashi ya ɗoru, ƙafa ta dawo, zuciya ce ta ƙi. Ovidio ne ya fara ganewa, domin da kunne yake sanin abin da ke bayansa. Duk kwanar da suka shiga da gudu sai ya ji ƙarar birki, ƙiii, 'yar siririya. A tseren zagayen ƙasa na bana, sau biyu yana share hanya, ya kauce, ya waiwaya, babu kowa.

Ranar zangon da zai ƙare a garin Tuluá, suna karyawa da ƙwai da wainar masara, kocinsu, Profe Hermes, ya yafito Ovidio gefe.

"Yau kai za ka fizga," in ji Profe. "Yaron nan ya tafi ɗebo ruwa daga mota. Ba zan sake ƙona ƙarfin mutane a banza ba."

"Ni, Profe?"

"Da wa nake magana? Bana za ka ajiye keke. Ka ɗauki nasara ɗaya ka kai wa Nubia."

Ƙarya ce a ce abin bai yi masa daɗi ba. Ovidio ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, wanda ya daɗe da binnewa. Ga shi matarsa Nubia ta biyo bas tun daga ƙauye, tana Tuluá tana jira.

Ya tarar da Deimer a bayan motar ƙungiya, zaune a kan akwatin ƙanƙara, yana ta fama da ɗaurin takalmin da ya riga ya ɗaure.

"Profe ya gaya min," in ji Deimer, yana murmushin yaƙe. "Ya yi daidai. Ruwa nawa kake sha, Tsoho? Ko in haɗo maka da maganin ciwon baya?"

"Me kake gani in mun shiga kwana?"

Deimer ya ce, "Kwalta. Ita kaɗai nake gani tana tasowa. Hannuna da kansa yake matsa birkin nan, wallahi ba ni ba ne."

"To yau ba ruwanka da kwalta. Ka kafa ido a tayata ta baya. Inda ta bi ka bi. Ka taɓa ganin na faɗi?"

"Mai dankali ina zai faɗi? Ai nauyi ya danne ku."

Ovidio ya koma wurin Profe. Aka ɗan ja, Profe ya cire hula ya mayar, daga ƙarshe ya ce, "Na ji. Amma in kun fita kwanar ƙarshe ba ya bayanka, kar ka jira kowa. Ka wuce."

Rana ta take tun da hantsi. Mutum uku suka ɓalle suka yi gaba, ayari ya ƙyale su su gaji da kansu. Hanya ta miƙe tsakanin gonakin rake, hagu rake, dama rake, iska tana bugowa ta gefe har ayari ya ja ya zama kamar zare. Ovidio ya sa Deimer a ɓangaren da iska ba ta kai, ya miƙa masa alewar gwaiba.

"Ci."

"Ba na jin yunwa."

"Ban tambaye ka ba."

Da tafiya ta yi nisa Profe ya ba da umarni ta rediyon kunne, 'yan ƙungiya suka hau gaba suna karɓa-karɓa: wannan ya ja har ya gaji, ya zame baya, wani ya karɓa. Tazarar 'yan ukun nan ta riƙa narkewa. Ana shiga bakin gari aka haɗiye su.

Daga nan kuma babu sauran zumunci. Kafaɗa tana gogar kafaɗa, ana zage-zage, kowace ƙungiya ta jera mutanenta kamar taragon jirgi. Mutum biyu suka rage a gaban Ovidio. Na farko ya zuba duk abin da ke ƙafarsa ya kauce. Na biyu ya kai su shataletale, shi ma ya kauce. Ovidio bai daina magana ba, shi da ba ya magana.

"Hagu za mu bi. Ina nan. Tayata, Ɗan Kifi, tayata!"

Kwanar ƙarshe matsattsiya ce, ga shingen ƙarfe, ga jama'a suna dukansa da tafin hannu. Ovidio ya kwantar da keke ya shige ta ciki, bai taɓa birki ba. Sai ya ji ƙarar birki a bayansa: ƙiii.

Ya ɗauka Deimer ne. Ya fito daga kwanar shi ne a gaba, hanya fetal har layi, Profe yana ta ihu a kunnensa, "Wuce! Wuce, Ovidio!" Ya sa giyar keke mai nauyi, ya fara miƙewa kan feda.

"Tsoho!" Muryar tana daf da ƙeyarsa. "Ba ni ba ne! Ina nan! Ja!"

Ovidio bai san lokacin da ya koma kan sirdi ba. Ya duƙa, ya buɗe kafaɗunsa yadda iska ba za ta sami hanya ba, ya ja, ya ja har idonsa ya fara duhu. Sannan ya kauce dama. Wani abu ya wuce shi fuuu, keke yana rangaji tsakanin cinyoyi, sai wani mai jar riga ya biyo ta ɗaya gefen. Su biyu suka jefa kekunansu kan layi tare.

Sai da aka duba hoto. Mai jar riga ne ya ci, da abin da bai wuce kaurin taya ba.

Ovidio ya gangaro a hankali, ya sami Deimer ya kifa kai a kan keke, kafaɗunsa suna rawa. Ya ɗauka takaici ne. Da ya dafa shi, sai Deimer ya ɗago, hawaye da majina da dariya duk a haɗe.

"Ban taɓa shi ba, Tsoho. Ka gani? Ko yatsa ban ɗora ba."

"Na ji," in ji Ovidio. Deimer ya rungume shi har hulunan kwanonsu suka yi karo.

Profe ya iso yana huci, ya dube su, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai kawai ya ɗan mari ƙeyar Deimer. "Ranar Lahadi akwai wata dama. In ka sake barin mai jar rigar nan ya wuce ka, a ƙasa za ka koma gida."

Nubia ta kutso ta cikin jama'a da ƙullin abinci a hannu. Ta goge wa mijinta gishirin gumi da gefen mayafinta, ta yi ƙasa da murya.

"Na gan ka a gaba kai kaɗai. Da ka wuce, da ka ci?"

"Wataƙila."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kwance ƙullin, ta fara miƙa wa Deimer. "Karɓi, ɗana. Ka rame."

Suka zauna a bakin titi, Deimer yana ci hannu baka hannu ƙwarya.

"Ci da kyau," in ji Ovidio. "Gobe hawan dutse ne tun daga safe, kuma ni ba zan tura ƙaton kifi ba."

"Rabu da shi," in ji Nubia, tana zuba wa Deimer ruwan mazarƙwaila. "Zai tura."