Ƙafafun Opal

Da aka kai Kaka gidan kula da tsofaffi, 'ya'yanta suka raba kayan gidanta a yini guda. Agogon bango ya sami mai so, tukwane ma haka. Magenta mai suna Opal ce kawai kowa ya kau da kai daga gare ta. Ta tsufa, gashin bayanta ya cuɗe, ido ɗaya ya yi hazo. Ni na sa ta a kwando na kawo ta gidan Gwaggo Lorraine, ƙanwar babana, inda nake zaune a ɗakin sama tun da na fara digiri na biyu a birnin Toledo.

Gwaggo ta yarda, amma da sharaɗi. Akwatin da magen za ta riƙa bahaya a ciki, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa zai zauna, kusa da injin wanki. Ita da kanta ta sayo tsakuwar da ake zubawa a ciki, mai kaushi, mai ƙamshin turare har yana hawa kai.

Ba a yi mako ba muka tashi muka tarar da kashi a kan farin kafet ɗin falo. Kafet ne da ko faston cocinsu sai ya tuɓe takalmi kafin ya taka. Washegari sai ga wani a bayan kujera. Akwatin kuwa yana can ƙasa tsaf, ko sawu babu a cikinsa.

Gwaggo ta ce magen tana sane, haushin raba ta da uwar ɗakinta take hucewa a kanta. Na koma ina riga Gwaggo tashi, in bi falo da rarrafe ina shinshine-shinshine, da bokiti da sabulu da tsumma. Sabulu ya ci hannuwana har suka tsattsage. A aji ina jin warin a hancina ko da babu shi. In na makara, sai in tarar da ita tsaye da kofin kofi a hannu.

"Malama mai digiri, ga jarrabawarki ta yau can ƙarƙashin tebur," in ji ta.

In durƙusa in kwashe. Ban taɓa bari ta ga fuskata ta canza ba.

Ranar da na dawo daga makaranta na same ta ta danne wuyan Opal tana cusa mata hanci cikin kashin, ranar na yi magana. Na ce ta sake ta. Ta sake ta, ta wanke hannu a natse, sannan ta ce ta ba mu zuwa ƙarshen wata. In ba a daina ba, za ta kai ta gidan ajiye dabbobin da ba su da masu su. Ni da ita mun san abin da ake yi wa tsohuwar mage mai ɓata gida a can. Ba mai ɗaukarta, allura ake yi mata.

Na kai Opal wurin likitar dabbobi. Ta duba cikinta ba ta ga komai ba. Da ta matsa ƙafafunta na gaba, sai magen ta saki wani kuka ta fizge. Opal ba ta da farata. Rabin magunan unguwar da na tashi haka suke, ana cire musu don kada su yayyaga kujeru. Likitar ta ce ba farcen kawai ake cirewa ba, gaɓar ƙarshe ta kowane yatsa ake datsewa, kuma da tsufa wurin yakan dawo da ciwo. Taka wannan tsakuwa a wurinta kamar taka fasasshiyar kwalba ne, balle a ce sai ta sauka matakala kafin ta kai. Kafet ne kawai abu mai laushi a gidan.

Na san wanda ya kai ta aka datse. Gwaggo ce, shekarar da ta saya wa Kaka sabuwar kujera ta Kirsimeti. Da bakinta take ba da labarin a taron dangi, tana yabon kanta.

Na sami faranti mai faɗi marar baki, na yayyaga tsofaffin jaridu na zuba, na ajiye a ɗakina. Opal ta shinshina, ta hau, ta yi. Na sauko na gaya wa Gwaggo abin da likita ta ce, ban rage komai ba.

"Kowa haka yake yi a lokacin. Likita ne ya yanke, ba ni ba," in ji ta.

"Ke kika kai ta, Gwaggo."

Daga ranar ta daina yi mini ba'a, ta daina yi mini magana gaba ɗaya.

Likitar ta riga ta ce tsoro da sabo ba sa barin tsohuwar dabba da wuri. Wata Lahadi ina ɗakin karatu, Opal ta sami ƙofata a buɗe, ta sauka falo ta yi a gefen kafet, ana saura kaɗan matan cocin Gwaggo su iso shan shayi. Ni dai na san a rufe na bar ƙofar. Da na dawo, kwandon yana bakin ƙofar gida, Opal tana ciki.

"Ko ki kai ta gidan ajiye dabbobin gobe, ko in kai ta," in ji Gwaggo.

Na ce ba za a yi ko ɗaya ba. Na hau sama na haɗa littattafaina, na ɗauki kwandon na bar gidan.

Babana ya bugo waya ya ce in je in ba ƙanwarsa haƙuri, wa ya taɓa barin gidan dangi saboda mage. Na ce masa ga ni, na bari. Ya ce boko ya ɓata ni. Na ce to.

Yanzu a wani ɗaki nake a saman shagon masu gyaran taya. Iska na shigowa ta gefen taga, da safe sai in ga tururin numfashina saboda sanyi. Opal takan hau farantin, wani lokaci kuma ta yi a gefensa, in kwashe. Da aka yi taron dangi na bikin godiya da ake cin talotalo a Nuwamba, ba wanda ya kira ni.

A ranar sai na je wurin Kaka. Tana zaune bakin taga da bargo a gwiwa. Ta tambaye ni ko Opal tana cin abinci, na ce tana ci. Ta ce ƙafafun fa?



"Tsofaffin tawul nake shimfiɗa mata, ba ta iya taka tsakuwa," ta ce. "Ai na gaya wa Lorraine ranar da kuka kawo ni nan. Har na roƙe ta kada ta manta. Ta gaya miki ko, 'yar nan?"

Na ja bargon na rufe mata ƙafa. Na ce ta gaya mini.