Kyanwar Inna Asibi da Rantsuwar Malam Haladu

Tun da autarta Rukayya ta tafi karatun ungozoma a Kano, gidan Inna Asibi na Masanawa ya yi tsit. Asibi kuwa mace ce mai son hira, in ta rasa mutum ko da tukunya sai ta yi. Mijinta Malam Haladu ba ya magana sai da dalili, dalilin kuma yawanci kajinsa ne. Shi ya sa wata safiya ta ce ita fa kyanwa take so, wadda za ta zauna kusa da ita tana tsince wake, ta saurare ta ba musu.

"Kyanwa?" in ji Malam Haladu. "Kin manta wanda ya cinye min 'yan tsaki goma sha ɗaya bara waccan? Wallahi muzuru ba zai sake kwana a gidan nan ba!"

"To ai muzuru ka ce, Malam. Ni mace zan kawo. Mace ita ce mai sanyin hali, mai son mutane. Namiji ne ɗan yawo, mai zafin rai."

"Mace dai. Na rantse, kin kuma ji da kunnenki."

Ranar kasuwa Asibi ta yafa mayafinta mai ruwan goro ta nufi Gwarzo, gidan Malama Hanna. Ita Hanna 'yar Filato ce, ta koyar a firamaren su Rukayya shekara shida kafin a mayar da ita Gwarzo, kuma har gobe daddawar Asibi kaɗai take sa wa miyarta. Kyanwarta ta haihu, an rarraba 'ya'yan, saura biyu: ɗaya ja, ɗaya baƙi da farin wuya.

Ba a ma gama gaisuwa ba, ana kan "ya yara, ya Malam, ya zafi," sai ɗan jan nan ya kama gefen mayafin Asibi ya haye cinyarta, ya juya sau biyu, ya kwanta abinsa yana lumshe ido. Baƙin kuwa ya shige ƙarƙashin kujera. Da ta miƙa masa hannu sai ya yi mata huci ya yakushi ɗan yatsanta.

"Shi ke nan, an gama!" Asibi ta ce tana tsotsar yatsa. "Wannan ta cinyata mace ce. Wancan kuwa muzuru ne tun daga cikin uwarsa. Dubi idonsa, sai ka ce an ci masa iyakar gona."

Hanna ta yi dariya. "Inna, ba za mu ɗaga wutsiya mu duba ba? Suna ƙanana haka ni ma ban cika ganewa ba, amma mu gwada mana."

"A'uzubillahi! Ni da girmana in ɗaga wa baiwar Allah wutsiya a gidan mutane, ga maigidanki Malam Jang zaune a can? Ita ma tana da kunyarta. Malama, hali ne ke nuna mace, ba leƙe-leƙe ba."

Malam Jang ya ɗaga jaridarsa ya rufe fuska, jaridar tana ta rawa.

Aka sa kyanwa a buhu mai 'yan huji, don kowa ya san ba a tafiya da kyanwa ido buɗe, sai ta haddace hanya ta koma inda ta fito. Asibi ba ta ma yarda da buhun kaɗai ba, sai da ta sa mai babur ya zaga kasuwa sau biyu kafin ya kama hanyar Masanawa. Suna isa ta raɗa mata suna Uwaliya, sunan yayarta da ke zaune a garin Jama'a, wai su biyun son jikinsu ɗaya.

Kai, jama'a, ku zo ku ga soyayya! Asibi na daka, Uwaliya na gindin turmi. Asibi na ba da labarin yadda aka yi rabon kayan biki a maƙwabta, Uwaliya na kallon bakinta kamar za ta ba da shaida. 'Yan tsaki har bayanta suke hawa tana barci, ko kunne ba ta kaɗawa. Duk matar da ta shigo sayen daddawa sai ta sha wa'azi: "Kin gani ko? In za ki ɗauki kyanwa, ɗauki mace."

Malam Haladu kuwa yana ta harkar kajinsa. Sai dai naman miyarsa ya koyi faɗuwa ƙasa, kullum kuma ta gefen da Uwaliya take.

Wata ya bi wata, kan Uwaliya ya yi faɗi kamar ƙwarya, kumatu suka cika, wuya ya yi kauri. Asibi ta ce jin daɗi ne. Murya ta buɗe ta zama ƙatuwa, ta ce mura ce. Abu ɗaya ne ya dame ta: wata rana ta tarar buhun geron da ke ɗakin ajiya ya yi ƙasa sosai. Ta ce lallai ɓeraye ne. In Malam ya gani zai ce ga kyanwa ga ɓeraye, me amfaninta? Ta jawo tsohuwar tabarma ta rufe buhun, ta ja bakinta ta yi gum, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

Ran nan da hantsi sai ga Malama Hanna ta zo sayen daddawa, tana dariya tun daga zaure har sallamar ta kasa fita daidai.

"Inna! Muzurun nan naki mai yakushi? Jiya ya haihu. 'Ya'ya huɗu!"

Asibi ta tafa hannu tana salati tana dariya, sai kuma dariyar ta tsaya cak. Su biyun suka juya a tare. Ga Uwaliya can a kan katanga, tana tafiyar ƙasaita, ta ba su baya, wutsiya a miƙe sama kamar sandar tuta.

"Inna," Hanna ta ce a hankali, "ba sai mun ɗaga ba. Ya ɗaga da kansa."

Asibi ta rufe ido da tafin hannu, ta leƙa ta tsakanin yatsu, ta sake rufewa. "Na shiga uku! Wata takwas ina canza zani a gabansa!"

Hanna ta durƙushe don dariya. Amma Asibi hawaye ne ya cika mata ido. Ɓoyewa ba ta taso ba, sunan Allah Malam ya kama, ba za ta bar mijinta yana kwana cikin karyayyar rantsuwa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da buhun nan mai huji. Uwaliya ya sauko ya zo yana goga mata kai a ƙafa.

Ana haka Malam Haladu ya dawo daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya amsa gaisuwar Hanna, ya dubi buhu, ya dubi matarsa.

"Malam, na yi kuskure," in ji Asibi. "Uwaliya muzuru ne. Malama za ta tafi da shi."

"Sai yau kika sani?" Ya jingine fartanya. "Ni tun wata uku da suka wuce na gani, ina alwala ya gifta ta gabana. Na ƙirga 'yan tsakina, ba wanda ya ɓata. Na je wajen liman, ya ce in abin da na rantse a kai barinsa ya fi alheri, in bar shi in yi kaffara. Na auna gero na ba mabuƙata goma. Mayar da buhunki."

Asibi ta saki baki. "Geron! Kai ne? Ni ina nan ina ta tsine wa ɓeraye, bayin Allah ba su san hawa ba!"

"Na ga tabarmar da kika rufa."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Ke da kike wa duk unguwa karatu? In katse malama?" Ya sunkuya ya shafa ƙaton kan nan. "Kuma tun da ya zo ban sake jin kin ce gidan nan ya yi shiru ba. Sai dai a canza masa suna. Datti! Zo nan, Datti."

Muzuru ko motsi.

"Uwaliya," Asibi ta ce tana share ido da gefen zani. Tsalle ɗaya ya yi ya haye cinyarta.

Da Hanna ta sami numfashi, ta ce ga 'ya'ya huɗu nan fa, in Inna na son ƙari.

"Zan zo," in ji Asibi. "Duk wanda ya hau cinyata shi ne nawa. Amma wannan karon ke za ki ɗaga wutsiyar, ni in juya baya, Malam Jang kuma ya fita waje."

"Ku ɗauko duk wanda kuka ga dama," Malam Haladu ya ce yana nufar akurkin kajinsa. "Ni dai kada wanda ya sake sa ni rantsuwa. Geron ya yi ƙasa."