Kaskon Turare a Ƙarƙashin Fiyano

Zulkifilu ya kwanta rigingine a ƙarƙashin fiyanon, ya haska tocila. Ga tsagar nan a jikin katako, tsawon yatsa biyu.

Shi ya kawo fiyanon nan garin Lanham a motar shago wata uku da suka wuce, tun daga filin jirgin sama na Dulles. Na wani tsohon kamfanin Faransa ne da ya rufe shekara da shekaru, kwanan nan aka farfaɗo da shi. Guda kaɗan suke ƙerawa, da hannu. Dakta Ladan ya saya wa 'yarsa. Da sauti ya fara gurɓata, mai shagon da Zulkifilu ke wa aiki ya ce masa, in ta tabbata wajen ɗauka aka buga, ya ajiye makullin mota.

Ya shafa gefen tsagar. Yatsansa ya fito baƙi ƙirin. Ya sansana. Turaren wuta.

"Mama," ya kira Hajiya Sailuba, matar Dakta, wadda ta ba shi ɗaki a gidan nan shekararsa ta farko a Amurka. "Ana ajiye kasko a nan ƙasa?"

"Kullum da safe. Katako na riƙe ƙamshi, har yamma falo na tashi. Me ya faru?"

"Da garwashi?"

"A'a, da ƙanƙara. Kai, Zulkifilu!"

Bai yi dariya ba. Ya fito, ya zauna a kan kafet.

"Zafin ne ya busar da shi ya tsage."

Ta dubi ƙofar bene, ta rage murya.

"Kada Dakta ya ji. Ka ce daga can ya zo a haka. Turawan nan ba su rasa wani."

"Can sun ɗau hoto kafin su rufe akwati. In ba su ba ne, ni ne."

"To ka ce ba ka sani ba."

"Korata za a yi, Mama."

"Aiki ya ƙare a garin nan? Ni da na wanke maka kaya da hannuna?"

Ya daɗe yana kallon wayarsa. Sannan ya koma ƙarƙashin fiyanon, ya ɗauki hoton baƙin hayaƙin, ya tura wa mai shago.

Amsa ta zo nan take: gobe ƙarfe bakwai akwai kayan da zai ɗauko a garin Sterling, kada ya makara. Shi mai shago zai kira Dakta da kansa.

Zulkifilu ya tattara jakarsa.

"Mama, na tafi."

Tana kicin. Ta ƙara buɗe famfo.